Neman shawara: masu karatu sun gano mai kisan tun littafin bai ƙare ba

Assalamu alaikum. Admin don Allah a ɓoye sunana da sunan littafin, kar a ce talla na zo yi.

Ni 'yar Sakkwato ce, ina rubuta littafi ina sakinsa babi-babi a WhatsApp. Labarin wani jirgi ne da ya bar duniya da mutum 60 zuwa tauraruwar Proxima Centauri, tafiyar shekara arba'in da 'yan kai. Mutum 51 suna cikin dogon barcin da na'ura ta sa su, tara ke farke suna kula da jirgin. A shekara ta 12 aka tarar da mai kula da tankunan ruwa ya rasu a ɗakinsa, ƙofa kulle ta ciki, ba rauni ba jini. Likitar jirgin, wadda na yi ta 'yar unguwar Kanwuri ta Sakkwato, ta ƙi yarda mutuwar Allah da Annabi ce, ta shiga bincike. Babi 30 na tsara, yanzu muna na 19.

Masu karatu sun rabu. Wasu sun ce littafi ba soyayya ai tuwo ne ba miya, har sun fara fita daga gurup. Wasu sun ce ƙarya ta yi yawa, suna tambayar ina mutanen ke fuskanta in za su yi sallah. Wani ya yi mini dariya don na sa likitar ta kira mahaifiyarta a waya daga jirgin. Amma abin da ya hana ni barci shi ne, tun babi na 8 mutane da yawa suka ce mataimakin kyaftin ne ya yi kisan. Kuma shi ɗin ne.

Yanzu ina tunanin in sauya, in ce kwamfutar jirgin ce ta kashe shi, ko in fito da wani mutum na goma da ya ɓuya a jirgin ba wanda ya sani. In sauya ko in bari? Soyayyar kuma in saka ta ko a'a? Ku ba ni shawara tsakani da Allah.

Uwar Biyu, Mabera:
Ke ɗiyata, ɓoye suna na mi? Mun gane ki, ina cikin gurup ɗin. Ni ce nic ce a haɗa likita da injiniya, kuma hal yau ina kan bakana. Shekara goma sha biyu maza da mata cikin gida guda, ba wanda yac ce yana son wani? Wanga shi na babbar ƙaryar littahin, ba tahiyar taurari ba.

Ɗan Kabu-kabu, Gawon Nama:
Hajiya marubuciya, ni ban iya zama in karanta, ƙanena ka karanta min da dare in mun tashi aiki. Ni nif fara cewa mataimaki na. Kin san abin da yat tona shi? Kowa cikin jirgin kin ba shi laihi, wani rowa, wani hushi, wani ƙarya, shi kaɗai kinka bari tsab awa limami. Dut wanda anka wanke haka, shi na. Amma don Allah kak ki ce kwamfuta ta. In kinka yi haka na bar saurare.

Malamin Fiziks, Arkilla:
Wa'alaikumus salam ƙanwata. Ina bin littafin, kuma har na karanta wa ɗalibaina babi na farko. Zan tsaya kan abin da na sani.

Wanda ya yi miki dariya kan waya yana da gaskiya, amma bai gane alherin da ya yi miki ba. Haske na gudun kilomita kusan 300,000 a daƙiƙa guda, kuma saƙon rediyo da wannan gudun yake tafiya, ba ya wuce shi. Proxima Centauri tana nisan da haske ke shafe shekara 4.2 kafin ya kai. Tunda kin ce tafiyar shekara arba'in da 'yan kai ce, jirginki na gudun kashi ɗaya cikin goma na gudun haske ke nan. A shekara ta 12, in likitarki ta yi wa mahaifiyarta sallama, sai bayan shekara ɗaya da 'yan watanni za ta iso Kanwuri, kuma kafin amsa ta cim ma jirgin an haura shekara biyu da rabi. Ko kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977, wanda ya fi duk abin da ɗan Adam ya ƙera nisa, saƙonsa kusan kwana guda yake yi a hanya, alhali shi da gudunsa na kilomita 17 a daƙiƙa sai ya yi fiye da shekara 70,000 kafin ya ci nisan da jirginki zai ci. To kin ga ba 'yan sanda, ba alƙali, ba wanda za a kira. Wannan kaɗaicin shi ne ƙarfin labarinki, wayar nan kuwa tana rage shi. Mayar da ita wasiƙar murya da aka aiko tun fiye da shekara guda baya, uwa tana ba da labarin abin da ya riga ya wuce.

Na biyu, ki yanke hukunci kan nauyi. A babi na 3 sun zuba shayi a kofi, a babi na 11 kuma alƙalami yana yawo a iska. Duka biyun za su iya zama daidai in jirgin yana juyawa kamar ƙafar keke: a gefe akwai nauyi, a tsakiya babu. Amma sai kin faɗa wa mai karatu tun farko, kin kuma faɗi ina ɗakin mamacin yake.

Ga dalilin da ya sa na damu da ɗakin. Inda babu nauyi, iska mai ɗumi ba ta tashi sama, don babu sama. Numfashin da mai barci ya fitar sai ya taru kewaye da fuskarsa. Shi ya sa a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke nisan kilomita 400 daga ƙasa, fanka ba ta tsayawa dare da rana. In ta tsaya mutum kan farka da ciwon kai yana haki. To in ɗakin ƙarami ne a rufe, kuma wani abu ya hana shi farkawa fa? Ba rauni ba jini, ƙofa kulle ta ciki. Na bar miki sauran.

Tarihi ma yana da abin da zai ba ki. A 1971 kumbon Soyuz 11 na Tarayyar Sobiyet ya sauko lafiya, aka buɗe aka tarar da mutum ukun da ke ciki sun rasu a kujerunsu: wani bawul ne ya buɗe iskar ta fice. A 2018 kuma an sami rami mai faɗin milimita 2 a jikin kumbon Soyuz da ke manne da tashar, da alamar injin huda, aka yi ta cece-kuce ko a masana'anta aka yi shi ko a can sama. Jirgi da kansa makami ne, ba ki buƙatar ƙirƙiro wata na'urar da ba ki taɓa ambata ba.

Ɗalibi, Dundaye:
Malam, in dai lissafi za a bi ai barcin shekara arba'in ɗin ma ƙarya ne. Har yau ba a taɓa kwantar da mutum haka ya tashi ba. Me ya sa ka yafe wannan ka kama waya?

Malamin Fiziks, Arkilla:
Gaskiyarka, ba a taɓa ba. Bambancin shi ne barcin ta sanar da shi a shafin farko, mun shiga labarin da saninsa, kuma bai taɓa binciken ba. Wayar kuwa ta taɓa shi: in ana iya kira, me ya hana likita kiran hukuma ranar da aka ga gawa? Marubuci na da damar kafa dokar da ya ga dama a jirginsa. Abin da ba shi da dama shi ne karya ta a tsakiyar hanya don ya fita daga matsi.

Tsohon Magatakarda, Kanwuri:
'Yata, na yi aikin kotu har na yi ritaya, jikata ce ta sa ni karanta littafinki. Kada ki sauya mai laifin. Mutum na goma da ya ɓuya shekara 12 yana cin me, yana shan me, a jirgin da kika ce ana auna ruwa da cokali? Ai mamacin da kansa, mai lissafin ruwa, shi zai fara gano shi. Kwamfuta kuwa in ta yi kisa, wani ne ya ba ta umarni, kin dawo inda kika baro. In kuma ba wanda ya ba ta, to kin tara mutane babi goma sha tara suna zargin bayin Allah takwas a banza, kuma ba za su yafe miki ba.

Kin ɗauka an gama da ke don an gano shi. A zaman da na yi a kotu, sau da yawa kowa a zauren ya san wanda ya yi abu tun ranar farko, har mai shara. Sani daban, tabbatarwa daban. Shari'a kan yi shekaru a tsakanin waɗannan biyun. Masu karatunki zato suke yi, ba su da hujja ko ɗaya, ba su san yadda ya yi ba, ba su san dalili ba. Babi goma sha ɗaya da suka rage ba su ma ishe ki wannan aikin ba.

Jirginki gidan yawa ne da aka kulle ƙofar zaure aka jefar da makulli. An yi ɓarna, kowa ya san na gida ne, kuma gobe da shi za a ci tuwo. To ga tambayoyin da nake jira ki amsa, ni da na biya kuɗin karatu. In likita ta tabbatar shi ne, wa zai yanke hukunci? Kyaftin abokinsa ne. Ina za a tsare shi shekara talatin? Kuma ke da kanki kin rubuta cewa shi kaɗai ya iya sarrafa jirgin lokacin rage gudu in an kusa isa. Ke nan in an kashe shi an kashe mutum hamsin da ɗaya da ke barci, in an bar shi an bar mai kisa da makullin rayuwar kowa. Nan labarin yake. Ni da za ki bi tawa, ki bari likita ta gano shi a babi na 22, ba na 30 ba, sauran ki ba mu wannan rigimar.

A dokar duniya, yarjejeniyar sararin samaniya ta 1967 ta ce ƙasar da aka yi wa kumbo rajista da sunanta ita ke da hurumi a kansa da mutanen cikinsa. Sai ki faɗa mana tutar wace ƙasa jirgin ya ɗauka. A fiƙihunmu na Malikiyya kuma akwai ƙasama: in an sami alama mai ƙarfi amma ba cikakkun shaidu, magadan mamaci su yi rantsuwa hamsin. To magadan mutuminki suna ina? In ɗan'uwansa na cikin masu barci, a tashe shi ko a bar shi? Ban ga marubucin Turawa da zai kawo wannan ba, ke ce ke da shi.

Uwar Biyu, Mabera:
Baba, Allah shi ƙara girma. Amma dut wanga dogon bayani ba ka ce komi ba kan aure.

Tsohon Magatakarda, Kanwuri:
Hajiya, yawancin shari'un da na rubuta da hannuna, in ba gado ba ne to aure ne. Ban hana ba.

Malama, Runjin Sambo:
Assalamu alaikum. Masu tambayar alƙibla ba su yi laifi ba, kuma ba sabuwar tambaya ba ce. Musulmi sun riga sun je. Yarima Sultan bin Salman na Saudiyya ya hau kumbon Discovery a 1985. A 2007 Dakta Sheikh Muszaphar Shukor na Malesiya ya je tashar sararin samaniya a cikin watan azumi, kuma kafin ya tafi hukumar addinin ƙasarsu ta fitar da jagora. Tashar tana zagaya duniya duk bayan minti 90, rana ta fito ta faɗi sau 16 a kwana guda, ba wanda zai yi sallah tamanin. Sai aka ce ya bi lokutan wurin da ya tashi, ya fuskanci Ka'aba in ya iya, in bai iya ba ya fuskanci duniya, in wannan ma ya gagara to duk inda ya samu. Mutanenki da suka yi nisa haka, duniya da rana duk sun zama ɗigo guda a bayansu, alƙiblarsu ma ta fi ta mai tashar sauƙi.

Abin da ya dame ni a littafin daban ne. An ga gawa a babi na 4, muna na 19 ba a yi maganar wanka ko sutura ba. Musulmi tara, a ce ba wanda ya ɗaga murya a gaggauta? Malamai sun yi maganar wanda ya rasu a jirgin ruwa aka ji tsoron gawar za ta lalace kafin a kai tudu: a wanke shi, a yi masa likkafani, a sallace shi, a saka shi a teku. Na jirginki ba zan ba da fatawa ba, ki je wajen malamai, Sakkwato ba ta rasa su ba. Amma ki lura, wanda ya fi kowa matsawa a yi jana'iza da wuri zai iya zama mai tsoron Allah, zai kuma iya zama mai tsoron abin da likita za ta gani a jikin gawar. Mai karatu ba zai iya bambancewa ba.

Wani Bawan Allah, Minannata:
Ni dai shawarata ki bar wahalar da kanki. Wannan abin Turawa ne. Mu da ko wuta ba ta zama, ina mu ina taurari? Ki rubuta abin da ya shafe mu.

Anti Marubuciya, Gwiwa:
Malam na Minannata, tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya da Hausa, yaro ya yi tafiya sararin samaniya, aka karanta shi a makarantu. Ba yau aka fara ba. Mutanen da duk wata suke fita duban jinjirin wata suna jiran sanarwar fadar Sarkin Musulmi, su ne za a ce ba ruwansu da sama?

Ƙanwata, bari in yi miki maganar kasuwa, don ni ma da rubutun nake sayen data. Waɗanda suka fita don ba soyayya, ko kin saka yanzu yawancinsu ba za su dawo ba, sun riga sun shiga wani gurup. Waɗanda suka zauna kuwa, ki duba me suke yi: gardama suke, suna komawa babin baya suna neman hujja, wani na sa ƙanensa ya karanta masa da dare. Irin waɗannan su ke jawo miki wasu. Kar ki kore su don ki farauto waɗanda suka tafi.

Amma Uwar Biyu ba ta yi kuskure ba, kuma kada girman kai ya hana ki ji. Mutanenki tara ba su da zuciya, kowa aiki kawai yake. Sai dai soyayyar da za ki saka ta zama tana da aiki a binciken. In kin liƙa likita da injiniya suna musayar kalamai a bakin taga, ɓata babi ne. In kuwa wanda take so ya yi mata ƙarya kan inda yake a daren, ko matar mataimaki ce ta ba shi shaidar zur don rufin asirin aurenta, to soyayya ta zama hujja. Kuma gyaran da ɗan kabu-kabu ya ba ki kyauta ya fi na kowa: mutuminki ya yi tsabta da yawa. Ki ba shi ƙaramin laifi da za a kama shi da shi a babi na 20, wanda zai sa masu karatu su ce ashe wannan ne kawai yake ɓoyewa, su sake shi su koma kan wani.

Abu na ƙarshe, daina shiga gurup kina amsa masu hasashe. Ranar da aka ambaci mataimaki kika yi shiru kwana biyu, ke da ba ki iya shiru. Nan ma kin tona kanki.

Mai neman shawara:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Ba zan sauya shi ba. Baba Magatakarda, ɗan'uwan mamacin yana cikin masu barci, tun babi na 2 na ambace shi, ban taɓa tunanin tashinsa ba sai yau. Malam na Arkilla, tambaya ɗaya: in fanka ce, ai jirgi irin wannan yana da na'urar da za ta yi ƙara in iska ta ɓaci, kuma kwamfuta za ta rubuta wanda ya kashe fankar. Ba a gano shi nan take ba?

Malamin Fiziks, Arkilla:
Za ta yi ƙara, kuma za ta rubuta. Shi ya sa tambayar likita ba za ta zama "wa ya shiga ɗakin" ba, sai "me ya sa ƙararrawa ba ta yi kuka ba". Irin waɗannan na'urori ana cire su lokaci-lokaci a gwada su a gyara, kuma akwai mai sa hannu a jadawalin gyaran. Ki sa a ga an cire ta ɗakin mamacin bisa ƙa'ida, da sa hannun wani daban wanda aka umarta, bai san komai ba. Sai ki koma babin farko-farko ki tabbatar an ji ƙarar fankar nan ko sau ɗaya, don mai karatu ya tuna da ita ranar da likita ta shiga ɗakin ta ji shiru. Maganin da ya hana shi farkawa kuma daga ɗakin maganinta ya fito, makullin yana wuyanta. Ki shirya amsar da za ta ba kyaftin in ya tambaye ta.

Ɗan Kabu-kabu, Gawon Nama:
To yanzu kun hwaɗi komi gabanmu. Admin a goge bayanin Malam kahin 'yan gurup su gani.

Admin:
Ba za a goge ba. Wanda ke bin littafin ya tsallake amsoshin Malamin Fiziks da na Baba Magatakarda. Marubuciya, sauran tambayoyin ki bi Malam ta akwatin saƙo.